Shekarar da Na Hana Motar Tangaɗi

Ni wawa ne, kuma ba irin wawan da ake jin tausayinsa ba, irin wanda ya san kome. Ku da kuka tashi a gabana kun gane haka tun kuna rarrafe, ladabi ne ya hana ku faɗa, to yau na faɗa da bakina ku huta. Ni ne na kwance rediyon gidanmu don in ƙara masa murya, na mayar da shi bai sake kama kowace tasha ba sai ta Faransanci. Ni ne na liƙe rufin ɗakin mahaifiyarku da kwalta, rana ta buɗe, kwaltar ta narke ta ɗiga mata a kan gado. Waɗannan an yi dariya an wuce. Wanda zan rubuta yanzu ba wanda ya yi dariya, kuma shekara shida ke nan na bar wata baiwar Allah tana ɗauke da laifin da yake nawa. Bashiru, Rashida, da ku nake. Bokona a jikin allunan shaguna da bayan motoci na tsince shi, in kun ga harafi ya faɗi ku tashe shi, amma maganar kada wanda ya taɓa ta.

Abin da kuka riƙe a ranku na san shi, don ni ma na taya ku riƙewa. Kun ce Mma Adisa, ƙanwar mahaifiyarku, ita ta hure mata kunne ta bar asibiti ta koma shan saiwa da rubutu har ciwo ya ci ƙarfinta. Tun daga lokacin ba ɗayanku da ya taka ƙofarta a unguwar Maamobi. Salla ta zo ta wuce sau nawa, ko gaisuwar waya babu. Rashida, kin yi suna sau biyu ba a kai mata goro ba, matar da ta goya ki shekara biyu lokacin da mahaifiyarki take gaban kaskon ƙosai tun asuba. Ba haka aka yi ba. Mota ce ta raba mahaifiyarku da asibiti, kuma motar ma ba ta da laifi sai abin da na yi mata da hannuna.

Bashiru, ka tuna jif ɗin da ka aiko mini daga Turai, ruwan toka, doguwa, irin wadda ake ce wa hom-yus a nan, wato ta sha aiki a can kafin ta iso mu. Ranar da aka kawo ta daga tashar jirgin ruwa ta Tema lungunmu bai ɗauke ta ba, sai a bakin gota, kwatar gefen titi, muka ajiye ta, mutane suka fito kallo kamar an kawo amarya. Ni da na yi shekara talatin ina tallar kwaɗo da tocila a Kasuwar Makola, tuƙin ma a wajen direbobin trotro, motocin hayarmu, na sace shi ina saurayi, na wayi gari ana buɗe mini hanya a masallaci. Kun san unguwarmu Nima, motar mutum ɗaya ta unguwa ce. Mai naƙuda ni, ragon Salla ni, tukwanen biki ni, gawa ni. Ban taɓa cewa a'a ba, kuma kada ku ɗauka kirki ne zalla, ina son a ce an gode. Da kaya suka yi yawa na sa mai walda ya ƙera mini kariya, wato maɗorin kaya, a kan rufinta, da ƙarfen famfo mai kauri, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. A gabanta na sa aka rubuta Isaka Ba Gajiya da jan fenti.

Motar tana da hali ɗaya, tangaɗi. In ka sha kwana sai ta kwanta gefe guda kamar za ta sumbaci ƙasa, ta miƙe ta kwanta ɗaya gefen, ta yi ta lilo kafin ta nutsu. Da aka ɗora kariya abin ya ninka. ’Yan majalisar ataya, masu shan shayi a bakin titi, suka sa mata suna Kwalekwale, in na wuce su riƙa tuƙa iska da hannu suna tambayata kifi nawa na kamo. Mahaifiyarku ita ko a jikinta. Cewa take yi motar barci take sa ta, kamar wadda aka goya.

Sai tsohon ladaninmu, Baba Mumuni, ya rasu da hantsi, aka ce za a kai shi bayan azahar. Muka kwantar da kujerun baya muka zura makara, ƙofar baya muka ɗaure ta da igiya don ba ta rufu ba, mutum huɗu suka tsuguna a gefe da gefe, babban ɗansa ya zauna gaba kusa da ni. A kan kariya aka loda itacen rufe kabari da jarkokin ruwa da shebur. Mun kai wani shataletale, ba gudu nake ba, Allah shaida, motar ta kwanta kamar yadda ta saba, ta ƙara. Na ji ƙarar katako ya daki ƙarfe, na ji salati. Makarar ta zame, mutum biyu suka faɗa kan juna, gawar ta kife gefe, likkafani ya kwance ta wajen ƙafa a tsakiyar titi masu talla suna kallo. Muka tsaya aka gyara shi. Aka kai shi aka binne. Muna wanke hannu ɗan ya matso ya yi mini godiya a hankali, sannan ya ce:

“Baba Isaka, shekara arba'in tsohon nan yana hawa matakalar masallaci, bai taɓa faɗuwa a gaban mutane ba sai yau.”

Kwana uku ban zauna majalisa ba. Na huɗu na kai motar wajen Masta Kwesi, fita ne, wato makanike, da ke aiki ƙarƙashin wani mangwaro ta wajen Kokomlemle, ya tashi cikin ’yan Zongo har yana jin Hausa irin tamu ta nan. Alaji yake ce mini, ni da ban taɓa wuce Aflao, bakin iyakarmu ta gabas ba, balle Makka. Bai ma buɗe inji ba. Ya dafa kusurwar motar da hannu biyu ya danna ya saki, ta yi sama da ƙasa sau uku kafin ta tsaya. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito da wata guntuwar roba da ta rududduge a tafin hannunsa.

“Alaji, mota nan ba shi da babban ciwo. Shokazoba ya mutu duka huɗu. Akwai ƙarfe ɗaya a ƙasa, shi yake riƙe hagu da dama kada mota ya kwanta, roba nashi ya ci, hannu nashi ya karye. Mu canza wannan. Kuma wannan gini da ka yi a sama, sauke shi. Kai ma in ka ɗauki buhu a kai, yaya za ka yi kwana?”

Ya ce zai riƙe motar kamar mako guda, don sai ya bi kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a hankali ya nemo kayan da suka dace da ita, ba kowane ba. Maganarsa duk gaskiya ce, amma abu biyu suka toshe mini kunne. Kariyar nan sunana ne a jikinta. Mako guda kuma ba mota, wa zai zo ƙofata da sassafe yana sallama? Sai na kawo ilimina. Na ce masa abin da yake lilo laushi ne ya yi masa yawa, maganin laushi kuwa tauri, wannan ko mai dama koko ta sani. Ya ce tauri daban, riƙo daban. Na ce ya riƙe Turancinsa. Ya yi dariya ya koma ƙarƙashin wata tasi.

Na tafi wajen masu tsohon ƙarfe na samo sifirin na wata a-kori-kura da ta yi hatsari, masu kauri kamar hannun yaro, na sa mai walda muka danna su a baya da ƙarfin tsiya, sai da muka yanke kaɗan kafin suka shiga. Na gaba kuma na yayyanka tsohuwar taya na cusa tsakanin zoben sifirin da guduma har ba su da wurin motsi. Na wuce wajen mai faci na ce ya yi ta ba tayoyin iska. Ya ce ya isa, na ce ƙara. Ya ce za ta fashe, na ce taka ce? Sai da na buga taya da ɗan yatsa na ji ta amsa kamar ganga na ce to. Matattun shokazoba na bar su inda suke, kariya ma tana nan. Ranar da na fito na sha kwanar bakin titinmu da gangan a gaban ’yan ataya, motar ta juya a tsaye kamar soja. Suka tashi suna tafi. Aka daina Kwalekwale aka koma Dutse. Gawa uku na ɗauka bayan nan, ko gezau. Liman da kansa ya ce Allah ya ba Isaka basira. A rayuwata ba a taɓa faɗin haka a kaina ba, na riƙe maganar kamar takardar shaida.

A cikin damina ta wannan shekarar mahaifiyarku ta fara riƙe ƙugu. Muka ce tukunyar koko ce, shekara talatin tana ɗagawa. Aka sha man zafi, aka sha gashin ruwan ɗumi, har ranar da ta tsuguna za ta hura wuta ta kasa miƙewa. A babban asibiti suka yi hotuna suka kira ni gefe. Ciwon daji ne, ya fara daga ƙirji ta ɓoye, ya sauka ƙashin baya ya fara cinsa. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba za a cire shi ba. Amma akwai gashi da ake yi da na'ura, sau ashirin, kullum da safe ban da Asabar da Lahadi. In an kammala zai hana ciwon danne lakar baya, ƙafafunta su tsira, zafin ya ragu, sannan a ɗora ta kan magani da zai iya ba ta shekaru. In aka yanke a tsakiya, ta ce, ba ta da alkawarin da za ta yi mini. Ta ƙara da cewa ƙashin ya yi rauni, a riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. Na buga ƙirji na ce ai da mota a gida.

Muna idar da asuba muke fita. Mahaifiyarku ta kwanta a kujerar baya, kanta a cinyar Adisa, don Adisa tun ranar farko ta rufe teburin atamfarta ta tare a gidanmu da rana. Daga bakin gotarmu zuwa titi rami ne da duwatsu. A titi kuma ga tuddan nan da ake ginawa don rage gudu, na taɓa ƙirga su har babban shataletalen Circle na manta adadin, daga Circle kuma a gangara ta wajen teku. Ni ina gaba ina zuba. In mun sha kwana in ce kun ji? Ko motsi. In na duba madubi sai in ga idonta a rufe, leɓenta yana rawa, in ce Memuna akwai tasbihi. In mun isa in ga bakin mayafinta a jiƙe sharkaf, in ce zufa ce. Sai nas biyu sun taimaka ake fito da ita, alhali a gida da ƙafarta ta shiga. Wannan ma na ce tsoron na'ura ne.

Ni da Adisa kun san wasan da ke tsakaninmu tun tana budurwa. Injiniya take ce mini saboda rediyon nan, ni kuma in ce mata amaryata ta ajiya. Rana ta uku ta zo da matasan kai huɗu ta shimfiɗa a baya. Na ce amarya, ƙaura za ki yi zuwa motata? Ba ta yi dariya ba, ta ce Injiniya, motarka duka take yi. Na ce titi ne, ta je ta tambayi waɗanda muka zaɓa. Na dai rage gudu, ina hawa tudu kamar mai tafiya a kan ƙaya, ina jin kaina mutumin kirki. Rana ta biyar da yamma ina alwala a tsakar gida mahaifiyarku ta kira ni daga ɗaki.

“Baban Bashiru, da ka huta gobe. Mu hau tasi ni da Adisa, kai ma ka samu ka yi barcin safe.”

Da na yi shiru na minti ɗaya a wurin, da yau ba na wannan rubutun. Ban yi ba. Na ajiye buta na shiga ina faɗa. Na ce ni da nake kai matan mutane asibiti, nake kai iyayen mutane kabari, a ga matata a tasi? Me za a ce a majalisa? Me za a gaya wa Bashiru, cewa motar da ya sha sanyi ya aiko ba ta isa ɗaukar uwarsa ba? Na ce ko dai akwai abin da na yi mata ne ta faɗa. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce wasa take yi, in je in yi sallata kada ta wuce.

Ta ƙara kwana uku. Safiya ta tara na tayar da mota na dawo ɗaukarta na tarar ko mayafi ba ta yafa ba. Ta ce ta gaji. Ta ce na'urar tana sa ta jiri, ƙamshin asibitin yana tayar mata da zuciya, kuma mai warkarwa Allah ne, inda ya ajiye ta nan za ta tsaya. Na lallashe ta, na yi faɗa, na kawo liman, na kawo ƙawayenta. Daga asibiti aka bugo waya sau biyu. Ba ta motsa ba. A cikin kwanakin ne Adisa ta kawo rubutu da wata saiwa daga wajen wata tsohuwa a Maamobi, don ba za ta iya zama tana kallon yayarta tana murƙususu hannu rabbana ba. Ni kuma na ga kwalba na samu wanda zan ɗora wa. Ni na fara gaya muku a waya. Bashiru, ka tuna abin da ka faɗa mata, na buɗe muryar wayar kowa yana ji, ba zan maimaita shi a takarda ba. Adisa tana tsaye riƙe da kwanon ruwan zafi. Ta buɗe baki, ta dubi yayarta, na ga mahaifiyarku ta girgiza mata kai kaɗan. Adisa ta rufe bakinta ta fita da kwanon. Na gani da idona, na fassara shi da cewa bakinsu ɗaya. Daga ranar ba ta sake ce mini Injiniya ba, sai Malam Isaka. Amma kullum da safe tana zuwa, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke wanke abin da ba na iya kallo.

Wata biyu bayan haka ƙafar hagu ta daina jin taɓi, ta dama ta bi ta. A makon ne motar ta fara wata ƙara a baya, kwas kwas, kamar ana sara itace. Na kai wa Masta Kwesi ina sunkuyar da kai. Ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai ce na gaya maka ba, ya dai nuna mini inda sifirin ɗin nan nawa suka tsaga mazauninsu saboda duka. Ya karɓi makulli ya ce sai mun zaga ya ji ƙarar da kunnensa, shi zai tuƙa, ni in zauna baya in nuna masa ta inda take fitowa. Na tsaya riƙe da ƙofa. Shekara biyu da motar, ban taɓa zama a kujerar baya ba. Me zai kai ni? Ni ne mai mota.

Tudun farko haƙorana suka haɗu na ciji harshe, na ji gishirin jini. Na ce Masta a hankali, ya ce Alaji ai tafiyar kunkuru nake. Gaskiyarsa. A gaba kana riƙe da sitiyari, kana ganin rami kafin ya zo, jikinka ya shirya, kujerar direba kuma tana tsakiyar mota da katifarta mai kauri. A baya kana zaune ne daidai kan taya, kan ƙarfen a-kori-kurar da na saka da hannuna, ba abin da ke tsakaninka da titi. Kowane dutse sai ya hau ta ƙashin bayanka ya fita ta ƙeya. Ni lafiyayye, ƙashina ba abin da ya ci shi, kafin mu kai Circle na ce ya tsaya. Na fito na zauna a bakin gota ina tofar da jini, masu tallar ruwa suna ce mini kafra, wato sannu, Alaji. Lissafi ɗaya nake yi a wurin, zuwa da dawowa, kwana takwas, a kwance, da ƙashin da likita ta ce a riƙe kamar ƙwai. Na tuna bakin mayafin nan da yake jiƙewa. Ba zufa ba ce. Shi take cusawa a baki.

Masta ya zo ya tsaya a kaina yana goge hannu da tsumma.

“Wa yake zama baya, Alaji?”

Na ce Madam. Ya san ba ta da lafiya, har gida ya taɓa zuwa dubiya. Ya koma mota ya jira ni.

Kwana biyar ya riƙe ta, ni kuma kullum ina zaune a kan benci ƙarƙashin mangwaron kamar mai jinya. Ya fitar da sifirin ɗina ya jefar a bola, ya zaƙulo guntayen tayar da na cusa, ya nemo sifirin irin nata na asali. Ya sa shokazoba huɗu masu rai. Ya canza robobin ƙarfen nan mai riƙe hagu da dama, ya sa masa sababbin hannuwa. Ya sauke iskar taya zuwa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, rubutun da yake gaban idona shekara biyu ban taɓa karantawa ba. Kariya kuwa da kaina na hau na kwance ta, muka jingine ta a bango sunana yana kallon ƙasa. Da muka fita gwaji na koma baya ba tare da an ce mini ba. Ta hau tudu ta sauka kamar an ɗora ta a tafin hannu. A kwana ta ɗan rusuna kaɗan ta miƙe, sau ɗaya, ba lilo. Ashe abin da mutumin nan ya faɗa mini tun farko ke nan, ana iya hana mota kwanciya ba tare da an mayar da ita turmi ba.

Na shiga gida da sauri na ce Memuna, an gyara motar, ta yi laushi, gobe mu koma asibiti. Adisa tana gefe tana ninke zane, ba ta ɗago ba. Mahaifiyarku ta yi murmushi ta ce Allah ya sa albarka, ta ce in juyo mata fanka. A nan ya kamata in durƙusa in tambaye ta, in ce motar ce ko? Ban tambaya ba. Tsoron amsar nake. Na je asibitin ni kaɗai da takardunta, likitar ta duba ta ce abin da ake gudu ya riga ya faru, lakar ta danne, yanzu sai dai a rage mata zafi a gida. Ta ba ni magunguna. Mako bakwai aka ƙara. Ranar wata Talata da hantsi, Adisa tana ba ta ruwa a cokali, ta cika.

Ban ce da an gama gashin nan da tana raye yau ba, wannan sanin Allah ne. Amma da ta mutu da ƙafafunta, da ta samu wasu shekaru, wataƙila da ta ga ’ya’yanki, Rashida. Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi bayan na sani. Kun zo zaman makoki kuka wuce Adisa a tsakar gida kamar ba ku ga mutum ba, ina zaune ina kallo, ina karɓar gaisuwa. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Na ce bari a yi bakwai, na ce bari a yi arba'in, na ce bari zukata su huce. Gaskiyar ita ce na ji daɗin yadda kuke tausayina, tsoho mai hidima da mota wanda aka ci amanarsa. Shekara shida ina cin wannan tausayin. Yanzu Adisa sanda take dogarawa, idonta ɗaya ya tafi. Ku je Maamobi. Kada ku aika, kada ku buga waya, ku je da ƙafarku ku durƙusa. In kuna neman wanda za ku daina gaisarwa, kun san ƙofata.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na tabbata ba zargin kaina kawai nake yi ba. Ranar addu'ar arba'in da la'asar, mutane sun watse, ku kuna ɗaki, na ga Adisa ta ɗaure tukwanenta biyu da ta kawo aro tana neman wanda zai ɗora mata a kai. Na ce ta kawo in kai ta. Ta yi kamar za ta ƙi, sai ta shiga, ta zauna a baya, a gefen da ta saba zama, ta ɗora hannuwanta a cinya. Na tayar da mota. Muka fita daga bakin gota, muka hau titi, muka haye tudu na farko, tukwanen ko ƙara ba su yi ba. Muka haye na biyu. A na uku na ji ta ja numfashi, na duba madubi na ga tana shafa kujerar da tafin hannu. Sannan ta ce:

“Ashe tana iya laushi haka. Yaya ta sa na rantse kada in gaya maka. Ta ce a bar ka, wai motar nan ce kaɗai abin da ka taɓa gyarawa mutane suka yaba.”